Rauta ta hana ni buga ƙwallon PlayStation da ƙanena ta intanet

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da matsalar da ta kai mako uku tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san a wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar sadarwa nesa ba kusa ba. Ni da ƙanena da ke karatu a Zariya kowannenmu yana da PlayStation 4, kuma mun saba duk daren Juma'a mu buga ƙwallon EA Sports FC a tsakaninmu, wanda tun da ya bar gida shi ne babban abin da ke haɗa mu hira. Daga lokacin da na tashi na koma sabuwar unguwa na sayi rauta, wato na'urar raba intanet a gida, mai amfani da layin waya, wasan ya daina haɗuwa. Nakan aika masa gayyata ya karɓa, allon ya yi ta juyi na ɗan lokaci, daga nan sai a ce haɗin ya yanke. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kallon bidiyo da kiran WhatsApp duk suna tafiya sumul. Da na yi gwajin intanet a cikin na'urar, sai ta nuna mini NAT Type 3. Rautar mai layi tana kan tagar ɗakin sama saboda can ne sabis ya fi ƙarfi, na ja waya daga gare ta zuwa tsohuwar rautata TP-Link da ke falo, ita kuma PlayStation tana haɗe da ta falon ta Wi-Fi. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Mai gidan wasa, daga Kaduna:
Wa alaikumus salam, Malam. Shekara shida ina riƙe da gidan wasa, kuma abin da nake fara yi a irin wannan hali shi ne in kashe rauta in cire ta daga wuta na minti biyu, sannan in shiga saitin intanet na PlayStation in canza DNS zuwa 8.8.8.8 na Google, ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Sau da yawa wannan kaɗai yana wadatarwa. Ka gwada ka ba mu labari.

Mai tambaya:
Na gode, Alhaji. Na gwada duka biyun yanzu, na kuma sake gwaji, amma har yanzu Type 3 take nunawa.

Injiniyan sadarwa, daga Abuja:
Da izinin Alhaji, zan ɗan yi gyara, domin maganar DNS ta yaɗu ƙwarai a tsakanin 'yan wasa alhali ba ita ce ke da alhakin wannan matsala ba. Aikin DNS shi ne ya mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshi, kamar yadda mutum ke duba suna a wayarsa ta fito masa da lamba. Idan na kamfaninka yana da nauyi, canza shi na iya sa kantin PlayStation ya buɗe da wuri, kuma ina kyautata zaton irin wannan ne Alhaji ya sha gani a shagonsa. Amma da zarar an samu adireshin, aikinsa ya ƙare, ba shi da ta cewa a kan wanda zai shigo gidanka da wanda za a hana.

Mai wannan iko shi ne NAT. Ka ɗauki gidanka a matsayin babban gida mai zaure ɗaya, mutanen waje ba su san ɗakunan ciki ba, ƙofar zauren kawai suka sani. Kowace na'ura a gidan tana da adireshin cikin gida, irin waɗanda ke farawa da 192.168, amma duk suna fita duniya da adireshi guda. Rauta ita ce mai gadin zauren. In wayarka ta aika saƙo waje, mai gadin yakan rubuta cewa wance ta aika, idan amsa ta dawo ya miƙa mata. In kuwa baƙo ya yi sallama ba tare da wani daga ciki ya fara aika masa ba, mai gadin bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Kallon bidiyo kai ne kake nema a ba ka, shi ya sa yake tafiya lafiya. Wasan abota kuwa, a yawancin irin waɗannan wasanni na'urarka da ta ƙanenka ne ke ƙoƙarin yin magana kai tsaye, don haka dole ɗaya ta yi sallama a zauren ɗaya. Type 1 yana nufin babu mai gadi a tsakani, Type 2 akwai shi amma yana barin baƙin wasa su shiga, Type 3 kuwa ya tsaurara. Idan ku biyun duk kuna Type 3, da wuya ku haɗu. Ka tambayi ƙanenka abin da tasa ke nunawa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Injiniya, yau ne na fara fahimtar abin da waɗannan lambobi ke nufi. Na kira shi ya duba, ya ce tasa ma Type 3 ce, domin da wayarsa yake raba wa na'urar intanet. A tsohon gidana ban taɓa dubawa ba, amma da alama tawa ce take a buɗe a wancan lokaci, shi ya sa muke haɗuwa.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, daga Sakkwato:
Yaya, tunda haka ne hanya mafi sauri ita ce ka sa PlayStation ɗin a DMZ, wani saiti ne a cikin rauta. Ka shiga shafin TP-Link ta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka nemi wurin da aka rubuta DMZ, ka zuba adireshin na'urar a ciki. Duk baƙon da ya zo, mai gadi zai wuce da shi ɗakinta kai tsaye ba tare da tambaya ba. Ni haka na yi a gidanmu, kuma nan take ta koma Type 2.

Malama mai koyar da kwamfuta, daga Katsina:
Ƙanena, shawararka tana aiki a wasu gidajen, amma ina so a yi hattara da yadda ake bayar da ita. Adireshin cikin gida rauta ce ke raba shi, kuma yakan canza, musamman a wurarenmu da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, rauta ta mutu ta tashi. Lambar da ka sa a DMZ yau a matsayin ta PlayStation, gobe tana iya faɗawa kan kwamfutar da maigida ke shiga asusunsa na banki da ita, kuma sai ta zauna a buɗe ba tare da kowa ya sani ba. Duk wanda zai yi wannan, ya fara ɗaure adireshin ga na'urar wasan a cikin saitin DHCP, wato wurin da rauta ke raba adireshin cikin gida, yadda babu wata na'ura da za ta karɓe shi. Kuma tun da an shiga shafin rautar, a daure a canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, domin na shiga gidaje da dama na tarar da ita yadda aka sayo ta.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta:
Gaskiya ne, Malama, na manta ban ambaci ɗaure adireshin ba. Amma ina ganin idan ana tsoron DMZ, to ai ɗayan saitin rautar da ake kira UPnP ma abin tsoro ne, tunda yana ba kowace na'ura a gidan damar buɗe wa kanta ƙofa ba tare da neman izini ba.

Malama mai koyar da kwamfuta:
Ban musa ba, shi ma yana da nasa haɗarin, musamman a tsofaffin rautoci da aka daina sabunta manhajarsu. Bambancin a wurina shi ne, UPnP yana buɗe ƙofar da na'ura ta nema ne kawai, DMZ kuwa yana miƙa mata duk abin da ya zo. Wanda ya fi son ya riƙe linzamin a hannunsa sai ya buɗe ƙofofin da kansa a wurin da aka rubuta Port Forwarding. Lambobin ƙofofin da Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation, ta lissafa su ne 80, 443, 3478, 3479 da 3480 a zaɓin TCP, sai 3478 da 3479 a zaɓin UDP.

Injiniyan sadarwa:
Duk maganganun nan biyu suna kan hanya, sai dai ina roƙon kada mai tambaya ya taɓa ko ɗaya tukuna. Ku koma bayanin da ya yi tun farko: yana da rauta biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Wato zaure biyu ke nan da masu gadi biyu. Ko ya buɗe dukkan ƙofofin ta falo, baƙon ba zai ma iso can ba, tun a ta sama za a mayar da shi. Kuma akwai abin da nake jin tsoro fiye da wannan. Malam, ka haɗa wayarka da rautar sama, ka shiga shafinta (idan Huawei ce galibi 192.168.8.1 ne, in ba haka ba ka duba takardar da ke manne a ƙasanta), ka nemi inda aka rubuta WAN IP, wato adireshin da kamfanin layi ya ba rautar, ka kwafe lambar. Sannan, kana kan wannan haɗin, ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet. Kada ka rubuto mana lambobin gaba ɗaya a nan, ka faɗa mana farkonsu kawai, da kuma ko sun yi daidai da juna.

Mai tambaya:
Na duba, Injiniya. Ta cikin rautar tana farawa da 100.72, wadda shafin ya nuna mini kuwa daban ce kwata-kwata, ko lamba ɗaya ba su haɗa ba.

Injiniyan sadarwa:
To, abin da nake zato ne ya tabbata. Akwai mai gadi na uku, kuma ba a gidanka yake ba. Duk adireshin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 an ware shi ne tun 2012 domin kamfanonin sadarwa su yi amfani da shi a cikin gidansu, a tsarin da ake kira CGNAT. Wasu kamfanonin kuma suna ba da masu farawa da 10, ma'anar dai ɗaya ce. Idan rautarka ƙofar zaure ce, wannan ƙofar gari ce, kai da ɗimbin masu layi kuke fita ta cikinta da adireshi guda, kuma mabuɗinta ba a hannunka yake ba.

Ba mugunta ce ta sa ake yin haka ba, ƙarancin adireshi ne. Tsohon tsarin IPv4 yana da adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta raba na ƙarshe a watan Fabrairun 2011. Ƙasashen da suka fara shiga intanet sun kwashi kaso mai tsoka tun da wuri, mu kuma a Afirka yawancinmu mun shigo ne ta wayar hannu bayan kayan sun yi ƙaranci, don haka kusan duk mai amfani da layin waya a bayan irin wannan ƙofa yake. Ko Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, a tsarinta na gida CGNAT take amfani da shi ga IPv4. Maganin dindindin shi ne IPv6, wanda adireshinsa ya wadata kowace na'ura ta samu nata, amma sai kamfani ya kunna shi kuma wasan ya iya amfani da shi.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, a wannan hali DMZ da UPnP da buɗe ƙofofi da hannu duk aiki ne a kan zauren gida, alhali an tare baƙon tun a ƙofar gari. Na ga mutane sun kwana uku suna zuba lambobi, wasu har sun sayi sabuwar rauta mai tsada, saboda ba su yi wannan gwajin na minti biyu ba. Abin yana yi mini ciwo, domin kuɗin da aka kashe da an yi wata hidimar da shi.

Mai gidan wasa:
Injiniya, na karɓi gyaranka a kan DNS. Amma ina da ja a nan. Ni ma da layin waya nake aiki a shago, yanzu na duba tawa lambar tana farawa da 10, kuma duk na'urorina huɗu Type 2 suke nunawa. Idan ƙofar gari ce ke hanawa, yaya aka yi ni ban gamu da matsalar ba?

Injiniyan sadarwa:
Tambayarka ita ce mafi muhimmanci a duk muhawarar nan, Alhaji, domin ita ce ke nuna mafita. Masu gadin ƙofar gari ba halinsu ɗaya ba. Wani kamfani yana saita nasa ta yadda idan na'urarka ta fita ta wata ƙofa, zai riƙe mata wannan ƙofar ko da wa take magana, don haka sabar wasa, wato kwamfutar kamfanin wasan da ke haɗa 'yan wasa, za ta iya gaya wa abokinka ga inda zai same ka, kuma ya same ka. Irin wannan yakan ba da Type 2. Wani kuma yana canza maka ƙofa ga kowane sabon wanda ka yi magana da shi, sai ƙofar da sabar ta gani ta zama ba ita ce abokinka zai tarar ba, wannan shi ke haifar da Type 3. Saboda haka layi da layi suna bambanta, wani lokaci ma a kamfani ɗaya tsarin data na rauta da na waya ba sa zama iri ɗaya.

Ga abin da zan ba mai tambaya shawara a kai. Da farko ya rage masu gadin gidansa su koma ɗaya. Idan TP-Link ɗin tana da zaɓin Access Point, wato ta zama mai raba haɗi kawai ba mai gadi ba, ya mayar da ita haka, idan kuwa tsohuwa ce da ba ta da shi, ya kashe DHCP ɗinta, ya ba ta adireshin da bai yi karo da na rautar sama ba, sannan ya zare wayar daga ramin WAN ya mayar da ita ɗaya daga ramukan LAN. Bayan haka ya kunna UPnP a rautar sama ya sake gwaji. In bai canza ba, ya ari layin wani kamfani ya gwada kafin ya sayi komai. In duk bai yi ba, ya tambayi kamfaninsa ko suna ba da adireshi na kai, wanda wasu ke bayarwa a tsarin 'yan kasuwa da ƙarin kuɗi.

Wani ɗan uwa, daga Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina da tambaya mai kama da wannan. Ni tawa Type 2 ce, wasa yana haɗuwa, amma sai in danna maɓallin bugu ɗan wasan bai motsa ba sai bayan an ƙwace ƙwallon, musamman tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare. Shin buɗe waɗannan ƙofofin da Malama ta lissafa zai rage wannan nauyi?

Injiniyan sadarwa:
Wa alaikumus salam. Ba zai rage ba, ɗan uwa, domin cuta biyu ce daban. NAT yana yanke hukunci ne a kan ko za ku haɗu ko ba za ku haɗu ba, naka kuwa jinkirin amsa ne, wanda ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wani ɓangare nasa babu mai iya taɓa shi, domin nisa ne ke jawo shi. Hasken da ke ɗaukar saƙo a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tsawonta daga Legas zuwa Fotugal kusan kilomita 7,000 ne, wato zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan kafin a ƙara tafiyar da saƙo zai yi a tudu. Nijar kuma ba ta da gaɓar teku, sai saƙonka ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya kai ga ruwa. Idan sabar wasan a Turai take, wannan nisan dole ka biya shi. Waɗanda suka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi da dama suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, sun ga yadda komai ya yi nauyi da aka karkatar da saƙonni ta doguwar hanya.

Amma tunda ka ce da magariba ya fi tsanani, to akwai cunkoso a ciki. Wani daga turken sabis ne, lokacin da kowa a unguwa ya dawo gida ya ɗauki waya. Wani kuma daga cikin gidanka ne, domin idan mutum ɗaya yana ɗora bidiyo ko wayarsa tana kwafe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, ƙananan saƙonnin wasa sai su bi layi a bayan manyan kaya. Wasan ba ya cin data mai yawa, abin da yake buƙata shi ne kada a tsayar da shi. Ka gwada sau ɗaya ka cire kowa daga rautar ka buga, za ka gane wanne ne naka. Idan na cikin gida ne, ka duba ko rautarka tana da QoS, saitin da ke ba wata na'ura fifiko, ka fifita na'urar wasan.

Malama mai koyar da kwamfuta:
In ƙara a kan wannan, kai da mai tambaya duka ku bar Wi-Fi ku ja wayar LAN zuwa na'urar. PlayStation 4 ta farko, mai kauri, tana kama zangon Wi-Fi na 2.4 ne kawai, sai Slim da Pro ne ke kama zangon 5. Zangon 2.4 kuwa a unguwa mai cunkoson gidaje cike yake da rautocin maƙwabta, ga bangon bulo da ke rage masa ƙarfi. Waya mai tsawon mita biyar ta fi duk wani saiti da za ku yi a wannan ɓangaren.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta:
Me za ku ce game da VPN, manhajar da ke bi da saƙonka ta wata saba kafin ya kai inda za shi? Na karanta cewa yana tsallake ƙofar gari.

Injiniyan sadarwa:
Yana iya tsallakewa, amma da sharuɗɗa. PlayStation ba ta ɗaukar manhajar VPN a cikinta, sai dai a sa a rauta ko a raba daga kwamfuta, kuma dole ya kasance irin wanda ke ba da damar buɗe ƙofa, wanda ba kowanne ke da shi ba. Sannan ka yi tunanin hanyar: Kano da Zariya tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, amma idan sabar VPN ɗin tana Ingila, kowane bugun ƙwallo sai ya je can ya dawo. Za su haɗu, amma wasan ba zai yi daɗi ba. Ni ina ajiye shi a matsayin zaɓi na ƙarshe.

Mai tambaya:
'Yan uwa, na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Na mayar da TP-Link ta zama mai raba Wi-Fi kawai kamar yadda Injiniya ya bayyana, na kunna UPnP a ta sama, na kuma canza kalmar sirri na ja wayar LAN bisa shawarar Malama. Da na yi gwaji, saurin ya ƙaru amma har yanzu Type 3 ce, har gwiwata ta fara sanyi. Jiya bayan isha'i sai na ari layin maƙwabcina na wani kamfani na sa a rautar, na sake gwaji, sai ga Type 2 a kan allo. Nan take na kira ƙanena, na aika gayyata, kafin in gyara zama 'yan wasa sun fito fili. Mun buga wasa uku ba tare da ya yanke ko sau ɗaya ba, ya ci ni biyu na ci shi ɗaya, kuma mun daɗe muna hira bayan nan. Yau da safe na je na yi rajistar layin wannan kamfani da sunana. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara ilimi mai amfani.

Injiniyan sadarwa:
Amin, Malam, na yi farin ciki ƙwarai. Kafin ka zuba kuɗin data na wata guda a sabon layin, ka sayi ƙaramin tsari ka sake gwajin da shi, domin layin maƙwabcinka yana iya kasancewa a kan wani tsari daban da wanda za a ba ka. Ƙanenka ma ya gwada wani layin a wayarsa idan ya samu dama, tunda har yanzu tasa Type 3 ce, kuma haɗuwarku gaba ɗaya ta dogara ne a kan taka.

Wani ɗan uwa, daga Maraɗi:
Ni ma na cire kowa daga rautar daren jiya na buga, nauyin ya ragu sosai amma bai tafi duka ba. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa in nemo wayar LAN, sannan in gwada da asuba lokacin da unguwa ke barci domin in ga abin da ya rage.